Gyaran Bango da Wayar Rishon Lantarki: Jawabi a Taron Magidanta, Wudil

Damina ta wuce, ga lokacin gyaran gida ya zo. Yaɓe da fulasta da sauya silin da ruwa ya ɓata, duk muna iya yi da hannunmu. Amma inda waya ta ratsa, mu yi hankali.

Na farko, a kashe babban makunni kafin a taɓa bango ko silin, ko da an ɗauke wuta. KEDCO na iya maido da ita kana tsakiyar aiki. A bar bango ya bushe, gama danshi yana ɗaukar wuta. Kafin a buga ƙusa, a san inda waya ta bi. A sa waya cikin bututun roba kafin a rufe da fulasta.

Na biyu, rishon lantarki. Mai wat 1,500 yana cin wutar ƙwan fitila 150 masu wat 10. In aka jona shi da siririyar waya, za ta yi zafi a ɓoye cikin silin har gobara ta tashi. Ƙaramin risho yana bukatar soket nasa mai amp 13 da wayar jan ƙarfe mai kauri milimita 2.5. Babba mai gidan gashi kuwa, milimita 6 da makunninsa daban.

Wannan aikin a ba ƙwararren mai gyaran wuta. Kuɗinsa bai kai kuɗin sabon rufi ba.

Iyaye mata, in kun ji warin roba ko soket ya yi baƙi, ku kashe nan take.