Sanyin da ke Ɓullowa Ta Ƙarƙashin Ƙafa: Lacca kan Benayen Daura

 

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Daura da zancen sanyi, ga shi zafin Afrilu na neman narka kwalta? To, a tambayi wanda ya kwana a Zango ko Mai'aduwa ko Baure a tsakiyar Janairu, lokacin da iskar hunturu ke sauko mana daga arewa. A irin waɗannan darare ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, tsofaffi su kama tari, yara su wayi gari da mura. Abin da ya dame ni shi ne, sababbin benayen da muke ginawa suna ƙara wa wannan sanyi ƙarfi, kuma ta ƙasa yake shigar mana, inda ba mai dubawa.

Ku dubi yadda ake gini yanzu a bakin manyan titunanmu. Ƙasa shaguna ne ko gareji, sama ɗakunan kwana. Da magariba mai shago ya ja ƙofar ƙarfe ya tafi gida. Iska na zirga-zirga ta ƙarƙashin ƙofar har asuba. Tsakanin wannan wuri mai sanyi da yaron da ke kwance a sama, ba komai sai dekin na kankare mai kaurin inci 6, an shimfiɗa masa tayil. Ɗumin ɗaki kullum gudu yake zuwa inda ya fi sanyi, kankare kuwa hanya ce buɗaɗɗiya: yana wuce da zafi fiye da iskar da ke tsare wuri ɗaya har ninki 50 da wani abu. Shi ya sa tayil da tabarma suna ɗaki ɗaya, amma tayil ke cizon tafin ƙafa. Yana zuƙe ɗumin jiki da sauri ne.

Maginan gargajiya sun san wannan a aikace. Idan za su ɗora bene, sai su jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, su shimfiɗa zana, sannan su zuba ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, mai kauri, a daɓe ta. Azara da zana na riƙe iska a tsakaninsu, ƙasar kuma ta sha ɗumin rana ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Daɓen ma, wanda mata ke bugawa suna yayyafa makuba daga kwasfar ɗorawa, bai kai siminti sanyi a ƙafa ba. Wannan ilimi ne cikakke, irin wanda Babban Gwani Mikaila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19. Mun ajiye shi ba tare da mun kawo abin da zai maye gurbinsa ba, kuma wannan yana yi mini ciwo.

A Ingila da Jamus, inda sanyi ke kisa, dokar gini ta tilasta a sa abin tare zafi a daɓen da ke saman gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mun ɗauko kankarensu, muka baro wannan.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Mafi inganci shi ne a yi aikin daga ƙasa: a manna abin tare zafi a ƙarƙashin dekin ta wajen shagon, ya kwanta jikin kankaren ba rata, sannan a rufe da silin. Akwai farin allon soso irin wanda ake naɗo firji da shi, akwai kuma ulun gilashi. Amma a kula, allon soso na cin wuta, don haka kada a bar shi tsirara a saman shagon da ake ajiye fetur ko janareto. A toshe ramukan da aka huda wa fayif da waya, domin ta nan iska ke hawa. Wanda ke haya, ba shi da ikon taɓa gini, ya shimfiɗa tabarmar kaba, ya ɗora darduma a kai, ya ɗaga katifar yara daga kan tayil. Manna abin tare zafin zai kuma yi amfani a lokacin bazara, idan a ƙasa akwai mai gashi ko injin niƙa.

Dalilin da ya sa na matsa shi ne kaskon garwashi. Idan ɗaki ya ƙi ɗumi, uwar gida kan shigo da garwashi ta rufe ƙofa da taga. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci.

Ga roƙona ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura, wadda aka kafa a 2019. A hunturu mai zuwa, ɗalibanta su ɗauki ma'aunin zafi su auna daɓen tsohon benen ƙasa da na sabon benen siminti a dare ɗaya, su gwada zana da ƙaiƙayin shinkafa a ƙarƙashin dekin, su ga yadda za a kare su daga gara da wuta, sannan su kira birkiloli da masu gidajen haya su nuna musu alƙaluman.