Littafin Gyaran Jirgin Sama Da Amanar Sa Hannu

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Gumel



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana dalilin da ya kan sa a tsai da jirgin sama a ƙasa, alhali kuwa ga fasinja sun hallara. Kowace shekara maniyyata daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su kan bar gida da zumuɗi, su je filin jirgi, sai a ce musu a dakata, ana duba jirgi. Wani lokaci a wuni, wani lokaci har a kwana. Kukan wannan jira ya kan komo zauren Hakimi, saboda haka ya kamata Hakimi ya san amsar da zai bayar.

Yadda littafin ya ke

Kowane jirgin fasinja yana da littafinsa, wanda ke tafiya tare da shi duk inda ya nufa. Da zarar jirgi ya sauka, babban matuƙi ya kan rubuta sa'o'in da aka yi a sama, da kowace irin illa da ya gani ko ya ji, kome ƙanƙantarta. Daga nan sai injiniya mai lasin ya karanta, ya gyara, ya rubuta abin da ya yi daura da ƙarar da matuƙi ya kawo, ya sa hannu da lambarsa. Akwai ƙananan illoli waɗanda doka ta yarda a jinkirta gyaransu, amma an jera su a takarda, kowace da iyakar kwanakinta. Abin da ba ya cikin wannan jeri, tilas a gyara shi kafin jirgi ya motsa.

Kafin tashi kuma babban matuƙi zai karanta littafin. Shi ko mataimakinsa zai kewaya jirgin da ƙafa, ya dubi tayoyi da fukafukai da injuna, ya ga ko mai yana ɗiga. In ya gamsu sai ya sa hannu, watau ya karɓi jirgin ke nan. A kan bar kwafin wannan shafi a ƙasa, domin ko jirgi ya salwanta shaida ta wanzu. In an yi kuskuren rubutu, layi ɗaya a ke ja a kansa yadda zai karantu, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ba a kankarewa, ba a shafewa.

Hakimai sun san direban babbar mota da ya ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ran Alhamis. In tayarsa ta yi faci tsakanin Gumel da Gagarawa, sai ya raɓe gefen hanya ya sauya. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da gefen hanya a sararin sama. Duk abin da zai duba, a ƙasa zai duba shi.

Abin da ya auku a Jidda

Ran 11 ga watan Yuli 1991, makonni kaɗan kafin a kafa Jihar Jigawa, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai, ya nufi Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, yana aiki da sunan kamfanin jiragen saman Nijeriya. Mutum 261 ke ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14.

Tun kwana huɗu kafin wannan rana an auna iskar tayoyinsa, aka tarar biyu daga cikinsu ba su kai ƙa'ida ba. Ba a ƙara musu iska ba. Masu bincike sun gano daga baya cewa an sauya alƙaluman da aka rubuta a takardar gyara, don su nuna kamar kome lafiya. An yi niyyar sauya tayoyi a Akra ta ƙasar Gana, sai saƙo ya zo cewa aikin jigila ya makara, aka fasa. Da safiyar ranar tashi babban makanike ya nemi iskar naitirojin, wadda a ke hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan kusa ba, wakilin kamfani kuwa bai yarda a jira ba. Wanda ya sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi, ba shi da hannu a aikin duba tayoyin.

Da jirgi ya zabura a kan titinsa, nauyi ya koma kan tayar da ke maƙwabtaka da mai ƙarancin iska, ta fashe, ta biyu ta bi ta. Ƙarfe ya goga ƙasa, wuta ta kama. Matuƙa ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgi zuwa cikin cikinsa kamar yadda aka saba, wuta ta shiga jiki. Suka juyo za su sauka, jirgin ya faɗi saura kamar kilomita 3 ya kai titi. Ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu da rahama. Kamfanin kansa ya rushe a 1993.

Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, amma an hori ɗan Adam ya ɗaure raƙuminsa kana ya yi tawakkali. Da an rubuta gaskiya a takarda, da wanda zai tuƙa ya gani, ya ƙi karɓar jirgin.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Na farko, sa'ad da a ke yi wa maniyyata bita, Hakimi ya sanar da su ta bakin dagatai da masu unguwa da limamai cewa in an ce jirgi yana hannun injiniya, to, ana yi musu aiki ne. Su yi haƙuri. Sauri ya kan haifi nawa.

Na biyu, kada wani mai muƙami da ke cikin ayari ya matsa wa ma'aikatan jirgi lamba su tashi. Doka ta ba babban matuƙi ikon ya ƙi tashi da jirgin da bai amince da shi ba, kome girman wanda ke ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ke da ƙara game da jinkiri ya kai ta ga jami'an alhazai, ko ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1999.

Na uku ya shafi malaman Hakimai, masu riƙe da littattafan ƙasa. Abin da malami ya gani shi zai rubuta, a ranar da ya gan shi. Kada ya sa hannu a kan abin da bai duba da idonsa ba, kada kuma ya sauya alƙalami don gudun ɓacin ran na sama da shi. Wanda zai karanta littafin gobe ba ya nan sa'ad da aka rubuta, da rubutun kaɗai zai dogara.

Allah ya kai alhazan Lautai lafiya, ya komo da su lafiya, amin.