Ganga ta yi shiru, dattijo ke magana a madadinta



Duk wanda ya taɓa sauke albasa ko ya kai shanu Abijan ya san Adjamé. To, kun san a ƙauyen Adjamé ɗin nan ne Faransawa suka ƙwace wata ganga a 1916? Sunanta Djidji Ayokwe, ta mutanen Ebrié ce, masu asalin garin. Icce ne tsantsa aka fafe, babu fata, tsawonta ya haura mita 3, nauyinta kilo 430. Da ita suke aika saƙo ƙauye zuwa ƙauye, kamar yadda kalangu ke kiran sunan mutum. In masu kamen aikin tilas sun doso, sai a kaɗa ta, maza su ɓace. Abin da ya sa aka ɗauke ta ke nan. Daga baya aka kai ta Faransa, ta ƙare a gidan tarihi na Quai Branly a Paris, sai a Yulin 2025 majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar mayar da ita gida.

Ga inda nake son ku tsaya. Da aka tashi gyara gangar, a 2022, sai da wakilan mutanen Ebrié suka je har Paris suka yi mata al'adarsu kafin masu gyara su sa hannu. Masana na da awo da takardu, amma abin da gangar ke faɗa yana cikin kan manya.

Mu ma muna da irin waɗannan manya, kuma zaune suke. Je Treichville bayan la'asar ka gani: tsoho a kan benci, ya yi shekara 50 yana fataucin goro ko dakon kaya a tashar jirgin ruwa, ya ba 'ya'ya shago, yanzu babu mai tambayarsa komai sai "Baba, ka ci abinci?" Wannan zaman yana cin mutum, wallahi. A unguwar nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un Noir na 1958 da 'yan ci-ranin Nijar, cikinsu har da Oumarou Ganda. Tsaransu da suka rage 'yan kaɗan ne.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A Amurka, gidan zane-zane na MoMA da ke New York ya fara wani shiri a 2006, inda ake kawo tsofaffi masu ciwon mantuwa tare da masu jinyarsu, a zauna gaban zane a yi hira. A Ingila, gidajen tarihin Liverpool sun ɓullo da House of Memories a 2012: ana nuna wa tsoho kayan zamanin ƙuruciyarsa, sai ka ji labari ya ɓalle. Ba magani ba ne, kar wani ya ce na ce. Amma tsoho yakan sake jiki, ya yi dariya, ya tashi daga wanda ake lallaɓawa ya koma mai koyarwa.

Ni na gani da idona, ba ma a gidan tarihi ba. Wani kawuna, tsohon dillalin shanu, ya daina magana sosai. Ranar nan jikansa ya zo da tsohuwar akayau da sandar kiwo daga gida. Kawu ya riƙe sandar, ya shafa ta, sai ga shi yana lissafa zangunan da suke kwana da garke tun daga arewa, da rijiyar da ta fi ruwa. Har dare muna nan. Kaito, babu wanda ya ɗauki muryar.

Babban gidan tarihin Kodebuwa yana Plateau, tsakanin Adjamé da Treichville, an kafa shi tun 1942. Mu dai mukan wuce shi a gbaka kamar gidan Nasara. A rikicin 2011 ɓarayi sun kwashe masa kaya masu daraja, har da na zinariya. Shi ma ya san zafin rashi.

Saboda haka, ya ku shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan zango: ku tura yaro ya tambayo ranakun da ake buɗewa, ku haɗa kuɗin mota, ku kai dattawa biyar ko shida, maza da mata. Kar a gaggauta su, a nema musu wurin zama da ruwan sha. In Hajiya ta ga ƙwarya ko masaƙa ta fara bayani, ku yi shiru, ku kunna salula. Kai kuma da ke daji da dabbobi, ba sai ka je Abijan ba. Ɗauko tsohon faifai ko layar saniya ka aje gaban Inna da daddare, ka tambaye ta wa ya yi shi.

Wanda ya ɗauki murya, ya nemi izinin mai ita, sa'annan ya aiko mana, za mu sa a shiri mai zuwa. Sai mun ji daga gare ku.