Agogon Wa Muke Bi? Sake Duban Ma'aunin Aikin Uwa Mai Sana'a a Ƙasar Daura



Ni mai kuli-kuli ce da man gyaɗa, a cikin gida nake sana'ata a nan Daura, kuma 'ya'yana biyar. Abin da ya haifi wannan takarda wata tambaya ce da aka yi mini a wani horon koyar da kasuwanci. Malamar ta ce, "Hajiya, awa nawa kike aiki a rana?" Na yi shiru ina lissafi, har ta gaji ta rubuta biyu. A takardarta dai na fito malalaciya.

Ga yadda yinina yake. Da asuba na hura wuta, kokon yara na gefe ɗaya, gyaɗa na soyuwa a ɗaya gefen. In sun tafi makaranta na murje, na fece, na aika inji. Matsar mai tana jiran barcin jariri, don ba a juya tunkuza da ruwan zafi da goyo a baya. Mulmula da suya sai tsakanin la'asar da magariba, shi ma in ba a yi baƙi ba, ba a yi rasuwa ko suna a unguwa ba. Agogonmu kiran salla ne da kukan yaro. Wanda ya zo da ma'aunin mai shago, buɗewa ƙarfe takwas rufewa ƙarfe huɗu, zai auna mu ya ga babu komai, alhali tiya nawa ta wuce ta hannunmu kafin rana ta faɗi.

Wannan kasuwa ta cikin gidaje ba yau aka fara lura da ita ba. A ƙarshen shekarun 1960 wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma rubuta a 1969 cewa akwai ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, na matan da ba sa fita amma hatsi da abinci suna yawo tsakanin gidajensu. Abin da ta gani can shi ne ke gudana har yau a Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua. Ku je kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ku tambayi mai sayar da daddawa ko man gyaɗa daga ina kayansa suka fito. Zai ambaci gidan wance.

To amma kada mu yabi kanmu mu tsaya nan. Wa ke fitar da kayan daga gida? Yarinya ce, da faranti a ka. Awannin da malamar nan ta kasa gani a wurina, da yawansu a da 'yata ce take biya da ƙafarta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, amma duk mun san yarinyar da ake cewa, "Yau kam bari makarantar nan, ranar kasuwa ce." Ba na zargin uwar. Tana duban kayan ɗaki ne da gara, tana tsoron ranar da za a ce ta kai 'yarta ɗaki ba komai. Sai dai in ciniki ya ƙaru saboda an cire yarinya daga aji, wannan ba riba ba ce, rance ne aka ci daga gobenta. Yau Daura tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, tana da jami'ar sufuri. 'Ya'yan wa za su shiga, in namu suna bakin tasha da faranti?

Ni na daina ɗora wa 'yata talla shekarar da aka yi ƙarancin takardun kuɗi, farkon 2023. Ba dabara ta sa ba, wuya ce: mutane ba su da tsabar da za su ba yarinya, sai taransifa. Daga nan na fara sa hoton kaya a WhatsApp, na kuma samu masu shago uku da nake ba su sari, mai babur ya kai sau biyu a mako. Ribar kowace leda ta ragu, ga kuɗin data, ga cajin waya, ga ranar da sabis zai ɗauke. Amma yarinyar tana aji, ni kuma na san yawan da zan soya tun kafin na hura wuta, kwantai ya ragu. A littafin lissafi na ja baya kaɗan. A tsakar gida na ci gaba.

Akwai kuma abin da ba ya hannun uwa ko kaɗan. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, mu kuwa iyakar Kongolam a bakin ƙofarmu take. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin niƙa da na babur suka tashi. Matar da ta riƙe jarinta bai karye ba a waɗannan shekaru ta yi aiki, ko da bai ƙaru da kwabo ba.

Saboda haka roƙona ga masu ba da rance da masu horo guda biyu ne. Na farko, a canza tambaya: maimakon awa nawa, a tambayi wa ke kai kaya, yara nawa ke makaranta, sau nawa aka ci jari don magani. Na biyu, a yi tsarin biyan bashi da ya san haihuwa. Lokacin shirin rancen TraderMoni a 2018 an raba naira dubu goma-goma, kuma kowane irin rancen hukuma da ranarsa yake zuwa, bai san wankan jego ba. Adashi ya sani. Da na haifi autana, uwar adashinmu ta matso mini da kwasata gaba, wata maƙwabciya ta riƙe mini masu shagon nan uku har na yi arba'in. Ranar da na koma bakin murhu, ba ko ɗaya da ya canza mai kawo masa kaya.