Hazo da Hayaƙi: Iskar da Muke Shaƙa a Arewa



Kowace shekara, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, hazo yakan lulluɓe ƙasarmu daga Sakkwato zuwa Maiduguri, mu kuwa mukan ɗauke shi tamkar baƙon da aka saba da shi, sai mu nemi man shafawa da rigar sanyi, mu ce ai hunturu ne. Abin da ya tara mu yau shi ne mu duba abin da wannan baƙo yake bari a ƙirazanmu bayan ya wuce.

Mafi yawan ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele. A zamanin da can ƙarƙashin ruwa yake, sa'ad da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yo kanmu da shi.

To, ƙura ba ɗaya ba ce. Wadda ido yake gani, mai sauka a kan tebur da gashin ido, hanci da maƙogwaro sukan tare yawancinta, mu fyace ko mu yi kaki. Abin tsoro shi ne ɓurɓushin da masana suke kira PM2.5, watau wanda faɗinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin mutum kuwa ya ninka wannan ɓurɓushi kauri wajen sau 30. Saboda ƙanƙantarsa yakan wuce har ƙarshen huhu, inda iska take haɗuwa da jini, mafi ƙanƙanta ma ya shiga jinin kansa. Daga nan ne ake samun tashin asma, da nimoniya ga yara, da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta ba da shawara a kai daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita mai kusurwa uku ta iska, a matsakaicin shekara, domin an gano cewa ko kaɗan ɗin ma yana illa.

Jarirai ne suka fi shan wahala. Wani bincike da masanan Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga a 2020, wanda ya bi sawun ƙurar Bodele ɗin nan, ya nuna cewa ƙarin maikirogiram 10 a shekara yana ƙara mutuwar jarirai da wajen kashi 24 cikin ɗari. Kada kuma mu manta da sanƙarau. Ƙwayar cuta ce take kawo shi, amma bushewar iska da ƙura suna kakkarce fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe mata ƙofa. Annobar 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa.

Wani zai ce mana, ai hamada ba ta jin umurnin gwamna. Gaskiya ne. Amma fa ba hamada kaɗai muke shaƙa ba. A lokacin da hazo ya fi kauri, a lokacin ne muke kunna kaskon gawayi a ɗaki mu rufe ƙofa, mu cinna wa juji wuta, mu ƙone daji da karan gona, mahauta kuma su yi babbaka da tsohuwar taya. Ga janareto a bakin kowane shago, ga manyan motoci da a-daidaita-sahu. Da daddare da asubar hunturu iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, hayaƙin ba ya samun hanyar tashi, sai ya tsaya daidai inda muke numfashi. Wadda ta fi kowa kwasarsa ita ce uwar da take durƙushe gaban murhun itace da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutane wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020.

A nan ne maganar ta zo kanmu, domin da yawa a cikin wannan zaure gobe su ne za su riƙe ma'aikatun lafiya da muhalli da tsara birane. Hukumar hasashen yanayi takan yi gargaɗin hazo, a soke tashin jiragen sama a Kano in matuƙi ba ya hangen nesa. Ya kamata gargaɗin nan ya riƙa isa makarantun firamare da asibitoci ta rediyo, da Hausa. Muna da hukumar NESREA tun 2007, sai dai tashoshin auna wannan ɓurɓushi kaɗan ne ƙwarai, alhali ƙananan na'urorin aunawa sun yi arahar da sashen kimiyya na kowace jami'a zai iya kafa nasa ya riƙa bayyana sakamako kullum.

Kafin nan, mu sani rawani da gyale manyan ƙura kawai suke tarewa. Takunkumi irin N95 ne yake tace ƙananan, in ya zauna daram a fuska. A yi girki a sarari, a yayyafa ruwa kafin shara, kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.