AMANAR YARA A CIKIN MOTA: A AUNA KAFIN A ƊAURA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron iyaye na ƙungiya, a nan garin Jos)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, an ɗora mana nauyin mu yi magana a kan yadda ake zaunar da yara a cikin mota, musamman wata 'yar kujera da ake kira busta, wato kujerar da ke ƙara wa yaro tsawo. Mu dai 'yan kasuwa ne, abin da muka iya shi ne awo. To, da ma wannan magana ta awo ce tun daga farkonta har ƙarshenta, shi ya sa muka karɓa.

ME YA KAWO MAGANAR?

Mu mutanen Jos matafiya ne tun asali. Da wuya ka sami gida a Gangare, ko Dilimi, ko Unguwar Rogo, ko Rikkos, ko Bukuru, wanda ba shi da dangi a Kano, Katsina, Zariya ko Bauci. Da zarar Sallah ta matso, ko an sa ranar biki, ko an yi rasuwa, sai a cika mota da iyali a kama hanya. Wasu su bi ta Saminaka su ratsa dajin Falgore, wasu ta Toro, wasu kuma su gangara Hawan Kibo zuwa Abuja. Duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san ba wurin wasa ba ne.

Amma ba sai an fita gari ba. Ku tsaya a bakin titin Bauci ko a Farin Gada da safe, lokacin kai yara makaranta, ku sha kallo. Ga jariri a cinyar uwa a kujerar gaba. Ga ɗan shekara uku tsaye tsakanin kujeru biyu. Ga wani a cinyar uba yana riƙe da sitiyari, ana dariya wai ya zama direba. Shi uban kuwa ya ɗaura bel ɗinsa tsaf, don gudun tara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasa rayukansu a kan titi kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan gida an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairu 2003, kuma ƙa'idarta ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar baya yake zama.

Wani zai ce, ai uwarsa na riƙe da shi gam. Jama'a, motar da ke gudun kilomita 50 kacal a awa, in ta daki abu ta tsaya cak, daidai yake da a saki mutum daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Wace uwa ce hannunta zai riƙe yaro a wannan hali? Ƙauna ba ta gaza ba, hannu ne ke gazawa.

DON ME BEL KAƊAI BAI ISA BA?

Bel ɗin da muke ɗaurawa yau, mai bin kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ne na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959. Da jikin babba aka auna shi. An yi shi ne ya kwanta a kan ƙasusuwa masu ƙarfi: ƙashin ƙugu a ƙasa, ƙirji da tsakiyar kafaɗa a sama.

In ka ɗaura wa ɗan shekara shida shi, abu biyu za ka gani. Na farko, na saman zai bi ta wuyansa ko fuskarsa, ya dame shi, sai yaron ya tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansa, ka ga an koma gidan jiya. Na biyu, ƙafarsa ba ta kai ta lanƙwashe a bakin kujera ba, sai ya zame gaba don ya ji daɗi, na ƙasan ya hau kan tumbinsa. Ran da aka yi karo, wannan bel ɗin zai nutse cikin ciki, inda hanji da hanta da saifa suke, har ya taɓa ƙashin baya.

Aikin busta ke nan. Ita ba ta da maɗauri nata, ɗaga yaro kawai take yi, ta kuma saita masa bel ɗin motar ya bi inda ya kamata. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2009 ya nuna cewa yara masu shekara 4 zuwa 8 da ke kan busta, haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 45 cikin 100 in aka gwada da waɗanda aka ɗaura wa bel kaɗai.

MATAKI HUƊU NE

Na ɗaya, jariri. Kujerarsa tana kallon baya, saboda kansa na da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Sabuwar ƙa'idar Turai ta ce aƙalla sai ya yi wata 15 a haka, mutanen Suwidin ma sukan kai wajen shekara huɗu. Kada a kuskura a sa irin wannan kujera a gaba in motar na da jakar iskan nan da ke fashewa lokacin karo.

Na biyu, kujera mai maɗaurinta a jiki, wanda ke kama kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin ƙafafu. Yawancinsu suna ɗaukar yaro har kilo 18, wato wajen shekara huɗu.

Na uku, busta, daga kilo 15 zuwa 36, ko tsawon santimita 100 zuwa 150.

Na huɗu, bel ɗin manya.

Nasihar a nan ita ce kada a yi gaggawar tsallakewa. Kowane mataki ya fi na gabansa kariya. Sauri ya haifi nawa?

YAUSHE YARO YA ISA HAWA BUSTA?

A duba alamu uku a tsohuwar kujerarsa: nauyinsa ya wuce wanda aka rubuta a jikinta, ko kafaɗarsa ta haura ramin maɗauri na can sama, ko saman kunnuwansa sun wuce ƙarshen kujerar. In ɗaya ta bayyana, ta yi masa kaɗan.

Sai kuma awon da sikeli ba ya yi, wato hankali. Yaron da ke kan busta yana iya sunkuyawa, yana iya kwance bel da kansa. In har yaronka mai ƙiriniya ne, ba ya iya zama wuri ɗaya daga Terminus zuwa Bukuru, to bai isa ba tukuna, ko da kilonsa ya kai. Uwa ta fi kowa sanin wannan, a tambaye ta.

YAUSHE ZAI SAUKA DAGA KANTA?

A nan ne gardama take, don yaro ɗan shekara takwas zai ce shi ya girma, 'yan ajinsu za su yi masa dariya. Shekaru ba su ne ma'auni ba. Sa'anni biyu ma wani ya fi wani tsawo. A Ingila doka ta ce sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12. A Jamus santimita 150 ne ko shekara 12. Likitocin yara na Amurka sun ce ƙafa 4 da inci 9, wato kusan santimita 145. A ari tef wurin tela, a jingina yaro da bango, a yi alama da gawayi.

Amma gwajin gaskiya a cikin motar ake yinsa. A zaunar da shi ba busta, a ɗaura masa bel, a duba abu biyar:

1. Bayansa ya jingina da kujera sosai?
2. Gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakin kujera ba tare da ya zame ba?
3. Bel na ƙasa ya kwanta a saman cinyoyi, ba a tumbi ba?
4. Bel na sama ya bi tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗa?
5. Zai iya zama haka har ƙarshen tafiya, ko da barci ya ɗauke shi?

In amsa ɗaya ta zama a'a, ya koma kan busta, a sake gwadawa bayan wata shida. A kuma lura, kujerun motoci ba ɗaya ba ne. Yaron da ya ci gwaji a ƙaramar mota yana iya faɗuwa a Sienna ko Sharon.

IDAN AN ZO SAYE

Iri biyu ce. Akwai mai jingina da matashin kai, akwai marar baya mai kama da matashi. Mai jinginar ta fi dacewa da ƙananan yara da doguwar tafiya, don tana tare kan yaro in ya yi barci, kuma ita ce dole in kujerar motar ba ta da majinginin kai. Marar bayan a bar wa manyan yara. A Ingila ma tun 2017 ba a yarda da sababbin irinta ba sai ga wanda ya wuce santimita 125 da kilo 22.

Ba a sayen takalmi sai an gwada ƙafa. A je da yaron, a je da motar. A duba takardar da ke manne a jiki: na Turai suna da lamba mai ruwan lemo da harafin E cikin da'ira, tare da nauyi ko tsawon da aka yarda. Busta sai da bel mai kafaɗa. Tsakiyar kujerar baya a tsofaffin motoci na ƙugu kaɗai ne, kada a sa ta nan. Matashin ɗaki ko tulin darduma kuma ba za su maye gurbinta ba, sulɓewa suke yi.

Mun san da yawa sai dai gwanjo, a Katako ko wurin masu kayan Kwatano, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai a juya ta a duba ranar da aka yi ta, don robar na tsufa, yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba ta. In ta tsage, ko wani sashe ya ɓace, ko an san an taɓa hatsari da ita, a bar ta ko kyauta ce. Mu masu sayarwa kuma mu ji tsoron Allah, mu bayyana aibin kaya. Wannan ba tukunya ba ce, rai ake ɗora mata.

ABUBUWAN DA SUKA SHAFE MU A NAN JOS

Na farko, sanyi. A Disamba da Janairu akan naɗe yara cikin manyan rigunan sanyi. Rigar mai kauri tana hana maɗauri kama jiki, ran karo sai ta lotse yaron ya fice. A cire ta, a ɗaura shi, sannan a rufa masa ita ko bargo daga sama.

Na biyu, yawan iyali, alhamdu lillahi. Mota mai bel uku a baya, yara uku take ɗauka. Kada a haɗa yara biyu a bel ɗaya, kada uwa ta zagaya bel ɗaya da ita da ɗanta, don nauyinta ne zai danne shi. Kada a zuba yara a but. In kai su Islamiyya ne, a yi sawu biyu, ko maƙwabta su raba su.

Na uku, marasa mota, waɗanda su ne mafi yawanmu. A motar haya ta doguwar tafiya a daure a biya wa yaro kujerarsa a baya. Busta marar baya ba ta da nauyi, ana iya tafiya da ita a hannu. A Keke Napep yaro ya zauna a tsakiya, kada a ba shi gefen ƙofa ko kusa da direba. In Allah ya kawo tsautsayi, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kiran kyauta ne.

KAMMALAWA

Akwai mai cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma tun muna Islamiyya malamanmu suka karantar da mu labarin mutumin da Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Sun kuma karantar da mu cewa za a tambayi kowane mai gida game da waɗanda aka ba shi kiwo. In raƙumi ya cancanci igiya, ina ga ɗan da ka haifa?

Muna roƙon ƙungiya abu biyu. Ta gayyato jami'an kiyaye haɗurra su gwada mana ɗaurin a aikace a taro na gaba. Ta kuma buɗe rajistar aro, wanda ɗansa ya girma ya kawo kujerarsa mai lafiya a ba na baya. Malamanmu kuma don Allah su taɓo maganar a wa'azi, musamman gab da Sallah. Kowa in ya koma gida yau, ya nemo tef.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mu a hanya, ya zaunar da Jos da Jihar Filato lafiya.