Alamar da ke Cikin Jini: Jawabi ga 'Yan Ƙungiyar Asusu a Tsohon Birnin Gwari

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kowaccenmu ta san macen da ta haifi ɗan fari lafiya lau, daga nan kuma sai ta shiga wabi: wani ya mutu a ciki, wani ya zo da shawara, idanu ɗorawa tun ranar farko, bai kai suna ba. Sai a ce iska ce, ko kishiya. Dalilan wabi suna da yawa, amma akwai guda da ake ganinsa ƙuru-ƙuru a gwajin jini, kuma yana da rigakafi.

A katin awo, bayan rukunin jini, wato A, B, AB ko O, akwai wata 'yar alama da ake kira Rh. Yawancinmu fozitif ne, kaɗan ne nagetif. Nagetif ba ciwo ba ne, haka Allah ya halicce ta. Matsalar tana zuwa ne idan jaririn ya ɗauko fozitif daga babansa. Wajen haihuwa, ko ɓari, ɗan jininsa kan shiga jikin uwa. Garkuwar jikinta sai ta ɗauke shi baƙo, ta ƙera masa sojoji. Sojojin nan ba sa mantuwa, suna nan cikin jininta. In ta sake ɗaukar cikin mai fozitif, sai su ratsa mabiyiya su riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Uwa kuwa garau take jin kanta, shi ya sa abin ke da ban tsoro. Gwajin da ke nuna ko sojojin sun riga sun fito shi ake kira gwajin Coombs.

Tun 1968 aka fara amfani da allurar Anti-D, wadda ke hana jiki ƙera sojojin. Ana yin ta wajen mako 28 na ciki, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne. Bayan ɓari ma haka, kuma nan ne aka fi sakaci, don mace kan yi ɓari a ɗaki ta yi shiru. Ku riƙe wannan: in sojojin sun riga sun fito, allurar ba ta korarsu. Sai dai a bi cikin da ido a babban asibiti, irin na koyarwa da ke Shika a Zariya, ko Barau Dikko a Kaduna.

To ina ruwan asusu da wannan? Allurar tana da tsada, a firji ake ajiye ta, ba a kowane kemis ake samu ba. Kwana uku kuma ba yawa gare su ba ga mai jego a nan, mun san halin hanyar Funtuwa da ta Kaduna, ba kowane lokaci ake shiga mota ba. Ba ranar naƙuda ake neman kuɗin ba. Matan Maraɗi da suka fara Mata Masu Dubara a 1991 ba don jari kaɗai suka tara kuɗi ba, har da ranar buƙata. Ni a ganina, sayen allurar nan ya fi cancanta da asusun taimako a kan ankon suna.

Mako mai zuwa duk mai juna biyu ta zo da katinta. Wadda ba a rubuta mata Rh ba, ta nemi a gwada ta a babban asibitin Birnin Gwari, in da hali maigida ma a gwada shi. Wadda ta fito nagetif ta faɗa wa shugaba da ma'aji a asirce, mu fara ware mata kuɗi tun cikin bai tsufa ba. Hajiya ma'aji, bismillah, a kawo makullan.